Kwabo Mai Murya

Ku da kuka daɗe kuna bin labarin nan, da ku da kuka iske mu a tsakiyar hanya, ku matso kusa. Sunana Kaisa Niskanen, autar gidanmu, kuma abin da zan ba ku yau labarin Asabar ɗin da ta wuce ne. Har yanzu ban yanke hukunci ba ko ranar farin ciki ce.

Na tashi a gidan da ba a ƙirga kwabo, saurarensa ake yi. Kowace Juma'a mahaifina, Arvo, yakan sauka banki a Calumet, garinmu na mahaƙan jan ƙarfe, ya sayo akwatunan kwabbai. Ranar Asabar kuwa, da mun fito daga ɗakin surace, inda muke wankan zufa, jikinmu na tururi, sai a naɗe mayafin tebur, a juye kwabban, mu zauna tsinta. Duk kwabon da aka buga kafin shekarar alif ɗari tara da tamanin da biyu kusan jan ƙarfe ne zalla, ƙarfen da ke jikinsa ma ya fi abin da zai saya daraja. Wanda aka buga bayanta tutiya ce, irin ta kwanon rufi, aka shafa mata ja a fuska. Na farkon su ne ke sauka ɗakin ƙasa cikin bokitai. Na biyun kuma Baba yakan kwashe su har Houghton ya mayar wa wani bankin dabam, domin a cewarsa ba a zuba shara a rijiyar da ake sha.

Doka ta hana narka su. Baba ya san da haka, kuma bai taɓa kusantar wuta da ko ɗaya ba. Jira yake yi. Yana da yaƙinin wata rana za a wayi gari an ɗage dokar, bokitan nan su zama fili a bakin tafki, da gida mai baranda yana kallon ruwa. Ina ƙarama nakan kwanta a ɗakina in ji kamar dukiyar nan tana numfashi a ƙarƙashin gidan, ja, mai sanyi, mai haƙuri, kamar wata dabba da take barci har sai an kira sunanta.

"Kakanki ne ya haƙo shi daga ƙarƙashin garin nan," Baba yakan ce. "Aka tafi da shi, aka buga masa fuskar mutum, ya yi ta yawo a aljihun baƙi. Ni dawo da shi gida kawai nake yi."

Kwabo mai tsohuwar shekara ko sabuwa, ido ya isa ya raba su. Matsalar ita ce shekarar tamanin da biyu kanta, domin a cikinta aka sauya ƙarfen, aka buga iri biyun da fuska ɗaya da lamba ɗaya. Waɗannan mukan ware su cikin wani shuɗin kwano, sai an gama komai a dawo kansu. A kan jefa kwabon a bisa wani falalen baƙin dutse da kakana ya ɗauko daga bakin ramin haƙar jan ƙarfe. Jan ƙarfe yakan yi wani siririn amo mai jan wutsiya, shi muke kira mai murya. Tutiya kuwa faɗuwa take yi ta yi gum, ita ce bebe. Kaf yankinmu an san babu mai kunnen Arvo Niskanen. Har daga wasu garuruwa masu irin wannan tarin sukan zo masa da nasu kwanon.

Ga abin da ba wanda ya sani sai ni. Injin tsaga katako da Baba ya yi wa aiki tsawon ƙuruciyarsa ya cinye masa saman ji. Yana jin magana, yana jin ƙarar mota, yana jin tsawa, amma siririn amon nan ya daɗe da ɓace masa. Ba mu taɓa zancen ba, ko sau ɗaya. Abin dai ya ginu a tsakaninmu da kansa: ya jefa kwabo, ya karkata kai kamar mai sauraro, ya saci kallona ta wutsiyar ido. In mai murya ne, idona yakan sauka kan bokiti. In bebe ne, in kalli akwatin mayarwa. Sai ya faɗi hukunci da muryar alƙali, baƙi su jinjina kai. Tun rasuwar Mama ni ce kunnensa.

Sai ga Denzil Trevarrow ya shigo rayuwata, mai walda a wurin gyaran jiragen ruwa, dogo, mai ƙunar tartsatsi a bayan hannu da dariyar da takan riga maganarsa fitowa. Ya samu aiki mai kyau a Duluth, tafiyar rabin yini daga gidanmu, zai fara ƙarshen watan nan. Ya ce in bi shi a matsayin matarsa. Na ce to, amma ba zan tsallake ƙofar gidan nan ba sai Baba ya sa albarka.

Albarkar Baba kuwa tana da hanya guda. Duk mai neman 'yarsa sai ya zauna gaban baƙin dutse, a jefa masa kwabo ɗaya daga shuɗin kwano, ya faɗi ko mai murya ne ko bebe. Mutanen gari sun ɗauke shi wasa. Ba wasa ba ne. Mijin yayata Sirkka ya faɗi a karon farko, sai da ya jira zagayowar shekara kafin a sake jefa masa. Baba cewa yake yi, wanda ba zai iya sauraron kwabo ba, ba zai saurari mace ba.

Da safiyar Asabar ina guga, wayata ta yi ƙarar shigowar saƙo a kan taga.

"Tun asuba nake jefa kwabbai a daɓen kicin," in ji Denzil. "Tsohuwar da ke ƙasana ta buga rufi da tsintsiya har sau ba adadi."

"Me ka ji?"

"Na ji kwabo ya faɗi."

Na yi dariya ni kaɗai. Wani saƙon ya biyo baya.

"Kaisa, ki taimaki bawan Allah. Ki ɗan ƙifta ido, ko ki taɓa ɗan kunnenki. Wa zai sani?"

"Ba a teburin nan ba," na rubuta.

"Shekara doguwa ce fa. Ban ce ba zan jira ba. Na dai ce doguwa ce."

Na kife wayar. Masu karatu, ku duba halin da nake ciki. Na hana wanda nake so alamar da nake bai wa mahaifina kowane mako, har ina ji a raina wai ni mai riƙon gaskiya ce. Na tsaya da dutsen guga a hannu ina tambayar kaina, shin abin da nake yi wa Baba jinƙai ne ko yaudara, kuma in jinƙai ne, me ya sa nake jin nauyinsa kamar na sata? Sai na ji ƙaurin ƙyalle ya fara tashi.

Na sa rigar Mama, shuɗiya mai fararen ɗigo-ɗigo, wadda na rage wa kugu da hannuna. Na tufke gashina a bayan wuya, har yanzu da danshin surace a jikinsa. Na yanka burodinmu mai zaƙi da muke kira nisu a farantin da ake fitarwa ranar Kirsimeti kawai, na ɗora gahawa. Baba ya fito cikin rigarsa mai zanen dara ja da baƙi, ya ɓalla maɓallanta har wuya, fuskarsa ta yi jawur don zafin tururi. Hasken la'asar na bazara ya cika kicin ɗin, irin hasken nan namu da ba ya gaggawar tafiya, har ƙurar da ke yawo a cikinsa ta zama kamar garin zinariya.

Gwaggo Impi, yayar Baba, ita ta fara isowa, da jakarta a hammata da hularta ta coci.

"Arvo, ashe gidan bai nutse ba tukuna?" ta ce tun daga bakin ƙofa. "Kullum na taho ina sa ran in iske bututun hayaƙi kaɗai a waje."

"Zauna, Impi. Kujerar ta ɗauki bokiti, za ta iya ɗaukarki."

"Jarin da ba ya haihuwa, ba ya tsufa, sai dai ya karya wa mai shi baya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ƙanena."

"Ke da kika miƙa naki ga masu kwat da taye, ina ƙwan, ina kazar? Nawa ko ba komai ina iya zama a kansa."

Gwaggo ta ja tsaki, ta ɗauki nisu mafi kauri. Ta dube ni sama da ƙasa, ta gane rigar Mama ce. Ta gyara mini wuyan rigar da yatsu biyu.

Denzil ya iso da taye wanda kowa zai gane aro ne, da furannin jeji da ya tsinko a hanya, sun fara laushi a hannunsa. Baba bai tashi ba. Ya nuna masa kujerar da ke fuskantar dutsen.

"Ɗan Trevarrow. Ka san a cikin rami kakanninka ne ke riƙe da fitila suna ba da umarni, namu ke tura amalanke?"

"An gaya mini, Mista Niskanen."

"Yau ga jikan mai umarni ya zo roƙo gidan mai amalanke."

"Shi ya sa na sa taye."

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya har gahawa ta sarƙe ta. Gefen bakin Baba ma ya motsa, amma ya danne.

"Me za ka ciyar da ita da shi a Duluth ɗin, tartsatsi?"

"Albashin ya isa mutum biyu. Akwai ɗaki a saman tudu, ana hango jirage daga taga. Na ce mata duk Asabar ɗin da hanya ta buɗe za mu zo."

"Hanyar nan rabin shekara a rufe take da ƙanƙara."

"Ina da babbar mota, Mista Niskanen."

"Kowa da babbar mota yake faɗawa rami."

Baba ya juya kofinsa a kan faranti, ya kalli taga, muryarsa ta sauka.

"Akwai wani fili a bakin tafki, inda itatuwan nan masu farin bawo suka sauka har ruwa. Mahaifiyarta ta so wurin. Ranar da aka ɗage dokar nan, zan kira mota ta kwashe abin da ke ƙarƙashinmu, in sayi filin, in gina wa Auta gida a kai, da ɗakin surace a bakin ruwa yadda mutum zai fito da gudu ya faɗa. Abin da nake tarawa ke nan. Kai kuma ka zo za ka kai ta ɗakin haya."

"Yaushe za a ɗage dokar, Arvo?" in ji Gwaggo a hankali.

"Mahaƙurci mawadaci."

Yana maganar ina ganin gidan. Na sha ganinsa. Tun ina yarinya nake shiga ɗakunansa in na rufe ido, na san inda rana take faɗowa a daɓensa, na san ƙarar ƙofarsa. Gidan da ba a aza ko tubalinsa ɗaya ba, amma na fi sanin sa da wanda Denzil ya kama mana, wanda yake tsaye da gaske a kan tudu, da makulli da lambar ƙofa. Na tambayi kaina a cikin wanne mace za ta iya tsufa.

Baba ya jawo shuɗin kwanon. Ya zura hannu ba tare da ya duba ba, ya ɗauko ɗaya.

"Sau ɗaya ake jefawa, yaro. Ka shirya?"

Denzil ya kalle ni. Na sunkuyar da kai ina kallon ɗigon rigata. Na ji ya ja numfashi, na saci kallo na ga ya rufe ido.

Kwabon ya bar yatsun Baba, ya juya cikin hasken, ya taɓa dutse.

Ya yi murya. Ban taɓa jin mai zaƙinta ba. Amon ya tashi siriri, ya miƙe kamar zare, ya zagaya kicin ɗin, ya taɓa kofuna, ya ƙi mutuwa, har na ji kamar daga can ƙasa 'yan uwansa suna amsa masa. Kurma kaɗai zai rasa wannan.

Denzil ya daɗe idonsa a rufe. Sannan ya buɗe, da fuskar mutumin da ya ji abin da bai yi tsammani ba.

"Mai murya ne," ya ce.

Zuciyata ta yi tsalle. Na ɗago, na kai idona kan bokiti kamar kullum, na jira wutsiyar idon Baba ta zo ta ɗauki amsar.

Ba ta zo ba. Baba bai dube ni ba. Ya kafe taga da ido, muƙamuƙinsa ya ɗaure, ya ɗora tafin hannu a kan kwabon ya rufe shi.

"Bebe ne," ya ce.

Gwaggo Impi ta sauke ajiyar zuciya. "Ni dai duk ɗaya nake jin su. To, ɗan Trevarrow, sai baɗi. Ka ci nisu, ba a kanka aka fara ba."

Denzil ya yi wani ɗan murmushi da ya fi kuka ciwo. "Na rantse na ji wani abu. Amma wa zai ja da kunnen Mista Niskanen?" Ya fara sassauta tayen.

Masu karatu, a ɗakin nan mutum huɗu ne, ni kaɗai na san gaskiya. Ban san ko Baba canka ya yi ya kuskure ba, ko kuwa ya ƙi kallona ne don ya san abin da zai gani. In na yi shiru, Denzil zai tafi shi kaɗai, shekara kuma ta yi abin da shekara take yi wa alkawari. In na yi magana, zan tuɓe mahaifina a gaban yayarsa da baƙo, in ƙwace masa abu ɗaya da gari yake ɗaga masa hula a kansa. Na kalli hannun nan da ya rufe kwabon, jijiyoyinsa, da yatsan da injin ya gutsure. Na so in ɗora kaina a kansa in ce shi ke nan, Baba, na zauna. Na so hakan ƙwarai, kuma wannan son ne ya fi ba ni tsoro.

"Baba," na ce. Muryata ta fito kamar ta wata. "Mai murya ne."

Gwaggo ta ajiye kofinta. "Kaisa, ubanki kike gyara wa ji?"

"Mai murya ne, Baba. Ka sani ba zan yi maka ƙarya a kan dutsen nan ba."

Sai a lokacin ya juyo. Ya dube ni, ba da wutsiyar ido ba, da idon gaba ɗaya, abin da ya daɗe bai yi ba a teburin nan. Babu fushi a ciki. Da akwai, da na fi samun sauƙi. Ya ɗaga hannunsa, ya ɗauki kwabon, ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa dutse, ya karya dokarsa da kansa ya sake jefawa. Amon ya sake tashi, ya wuce ta gefen kuncinsa kamar tsuntsu ya wuce makaho. Ya daɗe a sunkuye bayan ya mutu, yana jira.

Ya miƙe a hankali.

"Impi," ya ce, "rabona da jin kwabo tun matata na da rai. Yarinyar nan ce ke ji, ni kuma in faɗa."

Gwaggo ta sauke idonta kan kofinta. Denzil ya miƙe tsaye, tayen na reto a wuyansa.

"Mista Niskanen, ni ban zo don in…"

"Zauna, yaro. Ka ci." Baba ya tura masa kwabon a kan tebur da yatsa ɗaya. "Riƙe shi. Kada ka kashe. Ita ma haka."

Bai jira godiya ba. Ya tashi, ya buɗe ƙofar ɗakin ƙasa, ya kunna fitila, muka ji takunsa yana sauka, mai nauyi, yana hutawa a tsakani. Denzil ya kama hannuna a ƙarƙashin tebur, hannunsa da ɗumi, nawa kamar ƙanƙara. Na samu abin da na roƙa. Ban san haka samu yake da ɗanɗano ba.

Can sai muka ji murfin bokiti ya ɓalle. Sannan wata ƙara ta taso ta cikin daɓe, ta ratsa ƙafafun kujeru, kamar ruwan sama a kan kwano, kamar ƙararrawar coci dubu an kaɗa su tare daga nesa. Baba ne yake juye jan ƙarfensa a kan siminti.

Na zare hannuna daga na Denzil, na je bakin matakala. Yana tsaye a ƙasa cikin hasken fitila, kwabbai sun rufe masa takalma, wasu suna ta gangarawa lunguna, kowanne da muryarsa. Ya rungumi bokiti na biyu a ƙirji, ya karkata shi, ya tsaya. Ya ɗago kai ya gan ni.

"Sauko, Auta," ya ce. "Zan zuba a hankali. Ki gaya mini yadda suke cewa, tun kina nan."